Rigar Fatar da Baba Ya Ɗinka wa Moto

Moto, wato babur, biyu ne kacal irin wannan a Agadas a lokacin da nake magana, wato shekarun ƙarshe na mulkin Nasara. Ba manyan nan ba ne na sojoji masu firgita jakuna. Ƙanana ne, ƙafafunsu gajeru, da faffaɗan ƙarfe a gaba mai kare gwiwa, da wurin ajiye sawu a shimfiɗe. Moter ɗin kuma a ɓoye yake cikin wani kumburin ƙarfe a gefen dama ta baya. Matan unguwarmu suka sa musu suna "mai zani", don ba a ganin komai na cikinsu. Ɗaya ta wani komi ce, wato akawu, mai aikin rubutu a biro, ofishin kumandan. Ɗayar ta yayana ce.

Yayana shi ne ɗan farin mahaifinmu, kuma Baba mutum ne da ya riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ban taɓa jin sunan Yaya a bakinsa ba. Ba ya cin abinci da shi, ba ya duban fuskarsa, in sun haɗu a zaure sai kowa ya sami abin kallo a bango. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, gidaje da yawa haka suke. Sai dai namu akwai ƙari a kai. Baba baduku ne, yana ɗinka takalma da jakunkuna da kayan sirdin raƙumi, haka mahaifinsa, haka kakansa. Yaya kuwa tun yana saurayi ya ajiye basilla, ya bi wani kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Damagaram a matsayin yaron mota, bai yi sallama da kowa ba sai Inna. Ni na zauna a rumfa na gaji ɗinkin. Bayan shekaru ya dawo makanike, hannunsa baƙi ƙirin da mai, da moto a ɗaure a bayan kamiyo, wadda ya saya wajen wani Banasare da zai koma gida.

To shiru biyu ke nan aka ɗora ɗaya bisa ɗaya, na al'ada da na fushi, har ba wanda ya san inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Ni ne na zama gidan wayarsu, ba albashi. Baba ya ce, "Ka ce wa wanka kaza." Yaya ya ce, "Ka ce wa Baba kaza." Sau da yawa suna zaune a tsakar gida ɗaya, tazararsu ba ta fi tabarma biyu ba, ni ina tsakiya ina kai saƙo ina dawo da amsa. Wani lokaci abin ya ba ni dariya, wani lokaci ya ƙona mini rai. Abin da na sani shi ne Yaya ba abin da yake nema a duniya kamar ya ga alamar Baba ya huce.

Ya buɗe ɗan garajinsa a wajen Dagmanet, inda kamiyoyi ke tsayawa. Bayan la'asar ana dafa shayi a bakin garajin, kuma kusan kullum komin nan sai ya zo, ya kafe motonsa kusa da ta Yaya, a buɗe gardamar da ba ta ƙarewa. Mutane na zuwa musamman don su saurara, har waɗanda ba su taɓa hawa ko keke ba.

Ƙira ɗaya ce, amma ta Yaya tsohon yayi ce, ta komi sabon yayi. Ta Yaya fitilarta a ƙasa take, a kan ƙarfen da ya rufe ƙafar gaba. Bitas uku gare ta, wato giya uku, ƙafafunta ƙanana, wurin zama biyu a rabe, launinta kore-kore mai duhu. Ta komi kuwa an yi ta ne don gudu. Fitilarta a sama take tsakanin hannuwan tuƙi, bitas huɗu, ƙafafu sun ɗan fi girma, kujera doguwa guda ɗaya, launin azurfa. In ya murɗa ta a filin bayan bariki, ta Yaya ba ta ganin ƙurarta. Wannan kowa ya sani, ban da Yaya.

Shi a wajensa gudu ba komai ba ne. Yakan ce a ina za a yi gudun, a lungunan tsohon gari da jaki biyu ba sa giftawa? Yakan ce fitilar ƙasa ita ke nuna rami da dutse, ta sama sai dai ta haska tagogin mutane. Komi ya ce ai fitilar ƙasa tsakuwa ɗaya ce ajalinta, kuma ƙananan ƙafafu rairayi suke nema su nutse. Yaya ya ce sabuwar tana shan esans, wato fetur, kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma. Komi ya yi dariya ya saka masa da faransanci, Yaya ya rama da faransancinsa na bakin kamiyo, wanda rabinsa zagi ne.

Kowannensu kuma bai bar tasa yadda ta zo ba. Komi yakan yi sautu daga biranen bakin teku. Ya sa gilashin kare iska, ya sa wasu sanduna masu ƙyalli a gefe, madubi biyu, da ƙaho mai murya biyu da ya hana tsofaffi barcin rana. Na Yaya duk aikin hannu ne. Ya sa maƙeri ya ƙera masa wurin ɗaure galan da ƙafar ajiya a baya. Ya ɗaure tsumma mai laushi da ya jiƙa da mai a bakin da moter ke shaƙar iska, don tace rairayi. Ya buɗe bututun hayaƙi ya cire abin da ke ciki, muryarta ta ƙaru, ya ce ƙarfinta ma ya ƙaru, ko da yake ni kunnena kaɗai ya shaida. In zai shiga yashi sai ya rage iskar ƙafafun. Komi yakan ce ta Yaya ta koma kayan tsince-tsince, Yaya ya ce ta komi amarya ce, ba a aikenta ko'ina. A duk zaman da aka yi ban taɓa jin Yaya ya sallama ko da da kalma ɗaya ba. Taurin kai ne irin na gidanmu, a wajen Baba ya samo shi.

Baba bai taɓa nuna ya san da wata moto a gidan ba. In Yaya ya zo cin abincin rana ya kafe ta a zaure, Baba yakan kewaye ta kamar tulu ne aka ajiye a hanya. Sai wata rana da tsakar rana, kowa ya kwanta, na fito shan ruwa na same shi a tsugunne a gefenta. Yana auna ta da tafin hannu, yadda yake auna bayan raƙumi kafin ya yanka fata. Ya sa yatsa cikin wasu tsage-tsage da ke jikin kumburin ƙarfen nan na dama, ya girgiza kai. Da ya ganni bai tashi ba. Ya ce wanda ya ƙera abin nan bai san ƙasarmu ba, ya bar ƙofofi a buɗe rairayi na shiga cikinta. Na ce haka ne, don ni ma haka na gani.

A wajenmu duk abin da aka daraja sai an yi masa riga. Alƙur'ani yana da gafaka, takobi yana da kube, madubin mace da ɗan tandun kwallinta ma ba a barinsu tsirara. Baba ya ɗauko jar fatar da ya daɗe yana ɓoyo, wadda wani attajiri ya taɓa nema ya hana. Ya ajiye duk aikin mutane. Ya yi wa kujerun biyu riga, ya yi tuntaye na hannuwan tuƙi, sannan ya yi babbar, wadda za ta rufe kumburin dama ruf. Ya yi mata zane da koriyar fata, ya bi gefenta da geza, ya yi ɗinkin da ƙanƙanta har sai ka kai ido kusa. Idanunsa sun riga sun fara rauni a lokacin, yakan fito da aikin bakin rumfa inda haske ya fi. Na yi rayuwata ina ɗinki, ban taɓa yin abin da ya kama ƙafar wannan ba.

Ranar da ya gama, da kansa ya ɗaura, ya zura igiyoyin fata ta cikin tsage-tsagen nan ya ja tam. Sannan ya koma rumfa, ya ce in kira wana ya ga abinsa.

Yaya ya fito yana goge hannu. Ya tsaya. Na ga idonsa ya cika, sannan na ga ya kai kan rigar dama, fuskarsa ta canza. Daga baya ya ce, "Ka ce wa Baba na gode. Ka ce mishi ban taɓa ganin irin wagga ba."

Da muka fita waje ya ja ni gefe ya yi mini bayani. Tsage-tsagen nan ba kuskure ba ne. A bayansu akwai wani ƙarfe mai fikafikai da ke juyawa yana jan iska yana hura wa moter, da shi take shan sanyi. In aka rufe su, zafi zai taru har abin da ke kai da komo a cikin moter ya kumbura ya manne. Na ce to ai sai in je in gaya wa Baba, aikina ne dama. Ya riƙe hannuna har ya yi mini zafi. Ya ce ya taɓa ajiye aikin Baba sau ɗaya a gaban gari duka, ba zai ƙara ba. Ya ce in na furta, babu ni babu shi.

Haka ya shiga wata irin rayuwa da moton nan. A cikin gari yana tafiya a hankali, daga gida zuwa garaji, daga garaji zuwa masallaci, kuma ko a nan yakan tsaya a inuwa ya yi kamar gaisuwa ce ta tsayar da shi. In tafiya mai nisa ce, sai ya fita bayan gari inda ba ido, ya kwance rigar, ya naɗe ta cikin rigarsa, in ya dawo ya sake ɗaurawa kafin ya shigo. Ya koyi ƙullin Baba sarai don kada a gane. Komi kuwa tun ranar farko ya gane. Ya buɗe baki a wajen shayi zai yi magana, Yaya ya dube shi, ya ce kowa ya ji da tasa. Komin mutum ne mai son nuna kai, amma ba mugu ba ne. Bai sake tayar da zancen ba, sai dai ya ci gaba da tsokanar fitila da bitas.

Abin da rigar ta yi a gida kuwa ba kaɗan ba ne. Mutane suka riƙa tsayar da Yaya suna tambayar aikin wa ne, shi kuma yana faɗa da ƙarfi. Baba ya fara zama a bakin rumfa daidai lokacin da yake wucewa. Ba ya ɗaga kai, amma basillarsa takan tsaya har ƙarar ta yi nisa. Saƙonnin da nake kaiwa suka canza. Da can iyakarsu umurni, yanzu sai ka ji, ka ce wa wanka a shafa wa fatar man shanu, rana na busar da ita. Inna ta ce tun haihuwar Yaya ba ta ga gidan da sauƙi haka ba.

Bayan damina, lokacin da makiyaya ke gangarawa Ingal shan gishirin dabbobinsu, wani tsohon abokin cinikin Baba ya sauka da iyalinsa a wata rijiya a kan hanyar, ya aiko da gaisuwa. Tun suna samari Baba ke yi masa kayan sirdi. Da can Baba kan bi su har Ingal da kayan sayarwa, amma a shekarar gwiwoyinsa sun ƙi, ko jaki ba ya iya daɗewa a kai. Ya yi kwana biyu yana juya maganar. Sannan da safe, Yaya na zaune yana shan kunu, Baba ya dubi ƙasa ya ce mini, "Ka tambayi wanka, abar nan tashi tana ɗaukar mutum biyu?"

Ban kai ga juyawa ba Yaya ya ce, "Tana ɗauka."

Na bi shi zaure na ce ya yi hankali, ranar akwai zafi irin na bayan ruwa, ga yashi, ga mutum biyu, kuma ba halin ya kwance rigar da mai ita a bayansa. Ya ce ya sani. Na ce to ya ari ta komi. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce Baba ba moto yake son hawa ba, aikinsa yake son ya kai wa abokinsa ya gani.

Unguwa duka ta fito kallo. Baba ya naɗa rawaninsa, muka ɗaga shi muka zaunar a kujerar baya. Ya rasa inda zai sa hannuwansa. Da moto ta zabura sai ya kama ƙugun Yaya, kuma bai saki ba har suka sha kwana. Inna ta koma ɗaki da sauri. A iya sanina tun Yaya na jariri hannun Baba bai taɓa jikinsa ba.

Sun isa lafiya, Yaya ya ba ni labari daga baya. A hanya ya yi ta tsayawa, nan ya ce zai duba ƙafa, can ya ce zai kama ruwa, duk don ta huce. Makiyayan sun kewaye moton, ba ƙarfen suke kallo ba, fatar suke shafawa. Abokin Baba ya ce hannun nan bai tsufa ba. Baba ya yi dariya har haƙoransa suka fito. A dawowa ne rana ta take, iska ta ɗauke, suka shiga wani dogon yashi da ba wurin tsayawa, don in aka tsaya ba za a iya tashi ba. Suna fita daga cikinsa moter ya yi wata ƙara, ƙafar baya ta ja ƙasa, shi ke nan.

Da la'asar ta wuce ba su dawo ba, na ari jaki na bi hanya. Na hango su can gaban Dagmanet. Baba na zaune a kan moton da ta mutu, Yaya na tura ta, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ƙafafunsa na nutsewa. Ya hana Baba sauka. Na iso ke nan sai ga komi a tasa, shi ma ya ji labari ya fito nema, da wasu ƴan wajen shayi a guje a bayansa. Warin ƙonannen mai da fata mai zafi ya cika wurin. Komi ya tsugunna, ya dubi rigar, ya ɗaga kai zai yi magana.

Baba ya riga shi. Ya ce mini, "Tambayi wanka, mi ya same ta?"

Yaya bai dube ni ba, sai ya dubi komi. Ya ce, "Tsohon yayi ce, Baba. Ba ta jimirin zahi. Wanga mutum ya daɗe shina hwaɗa mini, na ƙi ji. Tashi ta hi tawa ta kowace hanya."

Wannan ita ce maganar da komi ya yi shekara yana jira, a gaban mutanen da ya so su ji. Bai yi murna ba. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ce haka tsofaffin suke, sai haƙuri. Na ga Baba ya sauke hannunsa ya ɗora a kan rigar dama, ya janye da sauri, sannan ya sake ɗorawa ya bar shi a nan.

Aka kai moton garaji. Yaya ya buɗe moter, ya ce sai an kawo sabon fistan, wato ƙarfen nan da ya manne. Ya ba wani shofer sautu zuwa Damagaram, can ma aka ce babu, sai an aika bakin teku. Gardamar shayi ta mutu. Komi yakan zo, ya kafe tasa can nesa, a yi hirar farashin gero.

Bayan ƴan kwanaki Baba ya ce in je in kwanto masa rigar dama, tana son gyara. Na kawo. Ya zauna da ita a bakin rumfa ya ba ni baya, kwana da kwanaki. Ban leƙa ba, amma ina jin ƙarar wuƙa a kan katako. Da ya miƙo mini sai na ga ya tsaga ta jeri-jeri, daidai inda tsage-tsagen ƙarfen suke, ya bi bakin kowace tsaga da koren ɗinki, har ka rantse tun farko haka aka tsara ta. Ya yanka tsakiyar zanen da ya fi wahalar da shi.

Ya ce, "Kai wa wanka. Ka ce mishi na taɓa ta rannan, ta ƙone mini hannu." Ya juya basillar a hannunsa. "Ka ce mishi kuma tashi ba ta da laihi. Kar shi ƙara hwaɗin haka gaban mutane."

Na kai saƙon kamar yadda aka ba ni. Yaya ya karɓi rigar ya shimfiɗa a cinyarsa, ya bi tsagogin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya juya mini baya ya yi kamar yana neman wani abu a cikin akwatin ƙarafa. Da ya iya magana ya ce in ce wa Baba da fistan ya iso, shi zai fara ɗauka, su koma rijiyar nan. Na faɗa wa Baba. Ya ce Allah ya kai mu.

Da sanyi ya shigo Baba ya kwanta da ciwon ƙirji. Bai daɗe ba. Yaya ne ya yi ta jinyarsa, yana ɗaga shi yana kwantarwa, kuma har a nan ta bakina suke magana, sai dai yanzu hannun Baba na cikin nasa. Muka binne shi wata ranar Alhamis da hantsi. Har yau in na tuna raina yana ɓaci da wannan sautu, da hanyar da ta yi nisa haka.

Fistan ya iso bayan an yi sadakar arba'in, a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Yaya ya bar shi a kan benci ya fi mako bai taɓa ba. Wata safiya ya aiko a kira ni. Na same shi ya riga ya haɗa moter, ya ɗaura rigar da ƙullin Baba. Ya taka ta sau biyu ta tashi. Iska ta riƙa shiga ta tsagogin, gezar na rawa. Ya bar ta tana aiki ta daɗe, ya fita da ita ya zaga har bayan gari a cikin rana, ya dawo. Ya sauka ya ɗora tafin hannunsa a kan fatar, ya kama nawa ya ɗora. Da ɗumi kaɗan, ba ta ƙuna.

Ya juyo da fuskarsa a sake, ya ce, "Ka ce wa Baba..."

Sai ya tsaya. Ya miƙa hannu ya kashe moton, muka zauna a kan benci.